Shekarar da Aka Auna Hannun Lamont

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Yau aka auna ɗana Lamont kamar buhun dankali. A talabijin na gani, a ɗakin hutun direbobi, bayan na sauke 'yan makaranta. An tara su a Indianapolis, duk samarin da suka gama buga ƙwallon Amurka a jami'a, irin wadda ake jefawa da hannu ana ture-ture, suke jiran manyan ƙungiyoyi su zaɓe su, daga su sai gajeren wando, ana hawa sikeli ana ja musu tef. Tsayi lafiya, nauyi lafiya, gudu ma ba laifi. Sai aka zo hannu, aka ce bai cika inci talatin da biyu ba. Masana kuwa sun ce ɗan baya irin Lamont, wanda aikinsa ya ture ƙaton da ke gabansa ya je ya kayar da mai jefa ƙwallon, in hannunsa bai kai talatin da uku ba to ya nemi wata sana'a.

Direbobin suka yi ta satar kallona. Na ce musu, "Me kuke kallo? Da tef ake kayar da mutum?" Aka yi dariya, kowa ya koma kan kofinsa.

Abin da ban faɗa musu ba, a nan kaɗai zan rubuta. Da na ji lambar nan wani abu ya yi tsalle a ƙirjina, kuma ba baƙin ciki ba ne.

Asabar, 1 ga Maris

Bari in rubuta shi dalla-dalla, ko zan ji kunya in daina.

Zaɓen sababbin 'yan wasa zagaye-zagaye ake yinsa, kowace ƙungiya tana ɗauka in layi ya zo kanta. Kafin awon nan kowa cewa yake a farkon zagaye na biyu za a ɗauki Lamont. Ƙungiyar da muke goyon baya ba ta da zaɓe a zagaye na biyu, bara suka ba da shi suka karɓo wani mai jifa da ko ƙofar gareji ba ya iya samu. Sai a na uku za su zaɓa. In ya tafi da wuri, wasu can ne za su kwashe shi, Allah kaɗai ya san ina. In kuwa aka yi ta tsallake shi har zagaye na uku, yana iya faɗowa hannunmu. Daga garinmu Erie zuwa filin wasanmu awa ɗaya da rabi ne, in dusar ƙanƙara ba ta rufe hanyar bakin tabki ba.

Awa ɗaya da rabi! Yaron da tun yana ɗan sha takwas ya tafi jami'a a Mississippi, nake ganinsa sau biyu a shekara, yana ci yana duba waya. Sai ya riƙa zuwa ran Litinin ya ci abinci, ya bar min kwanuka a wurin wanki, in yi ta mita. Mitar nan nake marmari.

Wace irin uwa ce take fatan a raina ɗanta?

Talata, 4 ga Maris

Shirin Hal na rana a rediyo, wanda ake kira a yi maganar ƙwallo, yau duk kan Lamont ne. Gus na unguwar Lawrence Park, wanda bai taɓa gudu ba sai in an ce abinci ya kusa ƙarewa, ya kira ya ce hannun yaron nan kamar na ƙadangare ne, wai ko aljihunsa ba ya kaiwa. Wani ya ce ƙugunsa a sandare yake, ba ya iya juyawa. Wani kuma ya ce shi tun yaron yana sakandare ya san ba zai kai labari ba. Ƙarya yake, na san muryarsa, bara ya tare ni a kanti yana roƙon riga mai sa hannu.

Shekara ashirin ke nan ina kiran shirin nan. Nita Mai Bas, duk garin an san ni, kuma an san ba a taɓa nawa in yi shiru. Yau ina zaune a bas a garejin makaranta, waya a cinyata, ban taɓa ta ba. Har Hal ya ce, "Jama'a ina Nita Mai Bas? An taka ɗanta ta yi gum, Allah ya sa lafiya."

Lafiya lau, Hal. Ku ci gaba.

Lahadi, 9 ga Maris

Lamont ya kira daga Florida inda yake atisaye. "Mama, don Allah ki daina jin rediyon nan, zai tayar miki da hawan jini." Na ce to.

Juma'a, 14 ga Maris

Na je cin soyayyen kifi a zauren coci tare da yayana Cleon. Shi tun muna yara ya ci amanar gida ya koma goyon bayan ƙungiyar kudu, kuma har yau bai tuba ba. Ya zo da waya cike da hasashen masana, yana karanto min da baki cike da kifi.

"Nita, kin ga wannan? Wannan ya ce Lamont ne na arba'in da za a ɗauka. Wannan ya ce na talatin da takwas. Maganar hannu ta fara mutuwa, 'yar'uwa. Har wata ƙungiya can bakin tekun yamma ta gayyace shi ziyara."

Na ce masa su waɗannan masanan bara suka ce wani yaro zai zama dodo, yanzu inshorar mota yake sayarwa. Ya ce baƙin ciki nake yi don 'yan wasanmu na baya ko ƙofar coci ba za su iya tarewa ba. Na ce aƙalla namu ba sa kuka a talabijin. Haka dai muka yi ta yi kamar kullum.

Da na dawo na duba garin ƙungiyar yamman nan a waya. Jirgi biyu ake shiga. In rana ta faɗi a nan, su can ko tashi daga aiki ba su yi ba. Ni ban taɓa shiga jirgi ba, mijina Wendell ya yi ta lallashina har ya koma ga Allah bai ci nasara ba.

Laraba, 19 ga Maris

An sake gwada su Lamont a jami'arsu, ya yi abin da ya ba kowa mamaki. Sunansa ya sake hawa.

Na shiga ɗakinsa zan buɗe taga, sai na tsinci kaina a zaune a bakin gado. Shekara uku da rasuwar babansa, gidan nan in firji ya ɗauke sai in ji numfashina. Da ran Lahadi mu uku ne a gaban talabijin, Wendell yana zagin alƙalin wasa, Lamont a ƙasa yana cin gugguru, ni ina hana kowa canza wurin zama in muna kan ci. Yanzu ni ke zagin, ni ke cin guggurun.

Talata, 25 ga Maris

Na yi wani abu.

Mu 'yan kallo haka muke, mun yarda in muka sa safar da ba ita ba ran wasa sai a lallasa mu. Mun yarda shugabannin ƙungiyoyi suna jin rediyo a mota. Mun yarda magana in ta tashi daga nan sai ta kai can. Ni ma na yarda, ko kuwa dai na so in yarda.

Da rana ina cikin bas, na naɗe wayar da gyalen wuyana, na kira Hal. Na ce sunana Wanda daga Millcreek. Na maƙe murya na ce ni na daɗe ina kallon yaron nan Lamont Pettiway, yaro ne mai kirki, amma gaskiya ɗaya ce, hannunsa gajere ne, kuma in ya gaji a ƙarshen wasa yakan miƙe tsaye a ture shi kamar ƙyaure. Na ce duk wanda ya ɗauke shi kafin zagaye na uku ya yi asara. Maganar miƙewar nan gaskiya ce, babansa ya yi ta yi masa faɗa a kai, kuma ban taɓa jin wani masani ya lura da ita ba.

Hal ya ce, "To, mun gode... Wanda." Yadda ya ja sunan bai yi min daɗi ba.

Na ɗauko yara hankalina ba ya kan hanya. Wata 'yar aji biyu ta ce, "Mis Nita, kin wuce gidanmu."

Laraba, 26 ga Maris

Tun kafin in ajiye jaka Cleon ya faɗo gidan ko ƙwanƙwasawa babu.

"Wanda! Sannu Wanda! Ina kika baro Nita?"

Na ce ban san me yake faɗa ba. Ya ce in rufe masa baki, duk shagon aski an gane ni tun kalmar farko, wai har ƙarar ƙofar bas an ji a bayana. Wani ɗan banza ya yanki maganar ya sa a intanet, da hotona na ranar yaye su Lamont, ya rubuta a sama wai uwarsa ma ta ce kada a ɗauke shi. Cleon ya nuna min. Mutane sun yi ta yaɗawa, har da waɗanda ba su san inda Erie take ba. Wani ya rubuta, "In mahaifiyarka ta ce a tsallake ka, ni wane ne?" Wani ya ce a ba ni aikin farautar 'yan wasa.

"Me ya shiga kanki, Vernita?" In Cleon ya kira cikakken sunana to ba wasa. Ya tsaya yana kallona, can ya ce, "Au. Zagaye na uku." Ya zauna a kujerar Wendell ya dafe kai. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

An ce ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa. Namu gidan a juye abin yake.

Alhamis, 27 ga Maris

Na kira Lamont sau uku bai ɗauka ba. Da yamma saƙo ya shigo: "Na ji."

Lahadi, 6 ga Afrilu

Bai kira ba. Lahadi biyu ke nan.

A coci Sista Odessa ta riƙe hannuna ta ce tana sa ni a addu'a, da irin muryar da ake yi wa wanda ya sha giya ya faɗi a titi. Wakilin Lamont mai yi masa ciniki da ƙungiyoyi ne ya kira ni jiya, yaro mai ladabi da saurin baki. Ya ce in kwantar da hankalina, babu ƙungiyar da take zaɓe da rediyo. Har na fara numfashi, sai ya ƙara da cewa sai dai a wata ziyara an zaunar da Lamont a gaban manya an tambaye shi me ke tsakaninsa da mahaifiyarsa. Na ce me ya ce musu? Ya ce cewa ya yi, "Mamata ta san ƙwallo, kuma ina gyara miƙewar."

Na shiga banɗaki na kunna famfo, ko da yake babu mai ji na a gidan.

Talata, 15 ga Afrilu

Sunansa yana ta sauka a hasashe. Yanzu wasu na cewa na uku. Abin da na roƙa ke nan, amma ko abinci na sa a baki sai in ji kamar takarda.

Talata, 22 ga Afrilu

Ya iso. Ban zaci zai zo ba, na ɗauka a Florida zai yi zaman jiran zaɓen, sai ga shi Cleon ya ɗauko shi daga filin jirgi. Ya cika ƙofa kamar kullum. Ya rungume ni, amma irin rungumar da ake yi wa malamar makaranta.

Ya ci makaroni da cuku faranti biyu, da ganye, da burodin masara. Bai ɗaga maganar ba, ni ma na kasa. Da ya gama ya buɗe jaka ya ciro sabuwar kwat da ya saya don ranar, ya ajiye a kan keken ɗinkina.

"Ki rage min hannun, Mama. Kin san gajere ne."

Bai yi dariya ba, bai kuma ɗaure fuska ba. Na ɗauko tef na auna shi, daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, yana tsaye yana kallon bango. Hannun kwat ɗin kuwa da gaske ya yi masa tsawo.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Zagaye na farko. Ba mu sa rai ba, mu uku kawai muka kalla. Namu sun ɗauki mai kama ƙwallo, alhali bayanmu a buɗe yake kamar kasuwa. Na buɗe baki zan yi tsokaci, na tuna bakina ya riga ya yi aikinsa na bana, na rufe.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Gida ya cika, 'yan coci, abokansa na sakandare, tsohon kocinsa, har Sista Odessa da tiren kaza. Cleon ya kafa doka a bakin ƙofa: kada wanda ya kuskura ya kira wayar Lamont, ko da gobara ce, don ta nan ƙungiya za ta kira kafin a faɗi suna a talabijin. Wayar tana kan teburin tsakiya, jikin caji, kowa na kallonta kamar tukunyar da aka ɗora.

Zagaye na biyu ya wuce. Duk sunan da aka kira sai Lamont ya gyaɗa kai ya ce, "Ya iya, na san shi." Ƙungiyar bakin teku da ta gayyace shi ta zo ta ɗauki wani. Aka shiga na uku. Mutane suka daina cin kaza.

Sai ga tambarinmu a allo, layi ya zo kanmu, kuma Lamont yana nan ba a ɗauke shi ba. Daidai yadda na tsara a bakin gadonsa. Na riƙe hannun kujera, ina jin idon Cleon a ƙeyata. Ina ta cewa a raina, yi ƙara, yi ƙara mana. Na ga Lamont ya matso bakin kujera. Ashe shi ma.

Wayar ba ta yi ƙara ba. Ɗan baya suka ɗauka, mai aiki irin nasa sak, daga wata jami'a a Texas. Mai sharhi har da cewa, "Ku dubi tsawon hannun nan!"

Shekara arba'in ina bin mutanen nan cikin ruwa da ƙanƙara. Ko sanin ina duniya ba su yi ba.

Baƙi suka sulale ɗaya bayan ɗaya, kowa na cewa gobe ma rana ce. Lamont ya rataye kwat ɗin a bayan ƙofa ya haye sama.

Asabar, 26 ga Afrilu

Da safe na same shi a bayan gida, zaune a kan matakala da kofin kofi, sanye da tsohuwar rigar sanyin babansa. Na zauna a gefensa. Na daɗe ina shirya magana mai tsawo, amma abin da ya fito shi ne, "So nake ka dawo kusa."

"Na sani, Mama. Tun ranar na sani."

Na ce to me ya sa bai ce komai ba. Ya ce me zai ce? Ya juya kofin a hannunsa. Ya ce tun yana ƙarami yake kwana da rigar ƙungiyarmu, in akwai wanda ya fi ni son haka to shi ne. "Amma so nake su zo nemana, Mama. Ba su tsince ni a kwandon ragi ba." Sai kuma ya ce duk abin da mutane suka faɗa a kan hannunsa bai taɓa hana shi barci ba, don ya san akwai mace ɗaya a Erie da za ta kira rediyo ta ci musu mutunci. Ranar da ya ji muryata a shirin, ya ƙara sauti, ya kira abokan atisayensa su zo su ji yadda mamarsa take yi.

Wannan ban san da shi ba. Ban san suna tsaye a kansa suna ji ba.

Na ce ya yafe min. Ya ce, "Kofin nan ba sukari." Na tashi na kawo masa.

Da tsakar rana aka ci gaba. Yau ba kowa sai mu da Cleon da koci. A rana ta uku ko sunayen ba a tsayawa karantawa, a ƙasan allo suke wucewa ana tallan mota. Zagaye na huɗu namu suka sake zuwa, suka ɗauki wani. Ko ɗar ban ji ba. Wakilinsa ya turo saƙo wai likitocin wasu ƙungiyoyi ne ba su gamsu da kafaɗarsa ta hagu ba, ba wani abu ba. Wataƙila gaskiya ne. Wataƙila kuma tausayina yake ji. Ba zan taɓa sani ba.

Wayar ta yi ƙara sau ɗaya, duk muka miƙe. Wani abokin Cleon ne yake tambaya ko an ɗauke shi. Abin da Cleon ya faɗa masa ba zai rubutu ba.

Aka shiga na biyar. Lamont ya daina cewa ya san su. Ya sunkuyar da kai, hannayen nan biyu a tsakanin gwiwoyinsa. Na shiga kicin na tsaya gaban tukunyar da babu komai a ciki, na ce ya Ubangiji, na janye waccan addu'ar. Ko ina ne. Ko bayan duniya ne. A dai kira shi.

Ina nan tsaye na ji ƙarar. Na leƙo, na ga lambar da ban sani ba, na ga ya miƙe yana cewa, "Na'am, ranka ya daɗe. Na'am. Ba za ku yi da-na-sani ba." Muryarsa ta karye. Mutanen bakin tekun nan ne, suka dawo suka ɗauke shi.

Cleon ya ce ihun da na yi har karen maƙwabta ya amsa. Lamont ya ɗaga ni sama, ƙafafuna suna lilo, wannan karon runguma ta gaske. Yana kuka ina kuka, koci yana neman inda zai sa idonsa.

Sai da aka natsa na tuna jirgi biyu ne.

Litinin, 28 ga Afrilu

A garejin bas an manna hotonsa a jikin firji. An ce Gus ya kira Hal ya ce shi dama ya san yaron zai yi nisa. Ban ji da kunnena ba, rediyon bas ɗina a kashe yake.

Alhamis, 8 ga Mayu

Ya tafi. Ni na kai shi filin jirgi, na hana Cleon zuwa. A hanya yana ta karanta littafin dabarun wasa da suka turo masa, leɓensa yana motsi kamar lokacin da yake koyon karatu. Ya ce wanda aka ɗauka a zagaye na biyar ba shi da tabbas, a ƙarshen Agusta ake tankaɗe, kusan rabin waɗanda suka je sansani gida ake mayar da su.

Na ce ya riƙa sa hula, bakin teku akwai iska. Ya ce, "Mama, daga Erie fa na fito."

Na tsaya a wurin ajiye motoci har jirgin ya shige gajimare. Na dawo na tarar ya wanke kwanukan safe duka ya kife su. Wa ya sa shi?

Lahadi, 11 ga Mayu

Ranar iyaye mata. Furanni sun iso, da hular ƙungiyarsa. Launinta ba kyau. Na ajiye ta a kan firji.

Laraba, 21 ga Mayu

Cleon ya zo gyara min injin yankan ciyawa, ya ƙare a kicin yana cin abin da ya samu. Yana ta lissafa 'yan bayan da ke gaban Lamont a can, wane tsohon hannu ne, wane an kashe kuɗi a kansa, wuri dai ya yi kaɗan. Sai ya kalle ni ta gefen ido ya ce, "To ke ai ko ta yaya kin ci riba. In suka sallame shi a Agusta, ɗakinsa na nan."

Ban san lokacin da tsumman goge kwano ya bar hannuna ba. A fuska ya same shi. Na ce ya fitar min daga gida da baƙin bakinsa, ya je ya ƙarasa injin. Ya fita yana dariya, wai shi gwada ni yake yi.

Da yamma Lamont ya kira, su can rana tsaka. Ya ce an ba su hutun kwana huɗu a ƙarshen mako, ya duba jirgi, zai iya isowa Juma'a ya koma Litinin. Mu gasa nama a bayan gida, mu je kabarin babansa. Sai dai, in ji shi, akwai wani tsohon ɗan baya a ƙungiyar da ya ce duk sabon da ya zauna zai riƙa zuwa gidansa suna kallon faifan wasa, ya nuna masa yadda mai gajeren hannu yake shiga jikin mutum kafin a riƙe shi. "Amma ba dole ba ne, Mama. Ke ce dai. In kin ce in zo, yanzu zan sayi tikiti."

Kwana huɗu. Har na fara tunanin haƙarƙarin da ke cikin firiza.

Na ji wata mata, da bakina da muryata, tana ce masa ya zauna inda yake, kabari ba ya gudu, nama ma ba ya gudu. Ta ce in ya kuskura ya hau jirgi ba za ta buɗe masa ƙofa ba. Ya ce, "Kin tabbata?" Ta ce ya je ya koyi abin da ya kai shi, kada ta ga ƙeyarsa a garin nan kafin sanyi.

Da ya ajiye na daɗe a zaune da wayar a hannu. Gidan shiru kamar kullum, ba abin da ya canza. Haƙarƙarin dai zai kai Disamba in wuta ba ta ɗauke ba.